Majami'ar Tubali ta Wusasa

Matafiyin da ya isa Wusasa, yamma da birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, idan ya hango tsohuwar majami'ar St Bartholomew daga nesa, zai iya ɗauka soron wani basarake ne ko kuwa masallaci. Ginin jar ƙasa ne, mai kaurin bango, irin wanda idon Bahaushe ya saba da shi tun kaka da kakanni. Labarin yadda ɗakin ibadar Kirista ya sami wannan siffa yana da dangantaka da wata tsohuwar tambaya, watau ko aikin hannu yana cikin bautar Allah.

Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya tun daga shekarar 1905, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Zaman bai yi wa sarauta daɗi ba, haka ma Turawan mulki, waɗanda ba su son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. A shekarar 1929 aka mai da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa, a ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Miller bai ji daɗin ƙaurar ba, ya koma Kano. A sabon mazaunin nan ne aka gina majami'ar.

A Legas da sauran garuruwan Kudu, majami'u na wancan zamani sun ɗauki fasalin na Ingila, da dogon hasumiya da rufin kwano. A Wusasa kuwa sai aka juya ga sana'ar magina Hausawa. Zariya ba ta rasa gwanaye ba. Can ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ginin da masana har yau suke lissafa shi cikin mafi kyawun gine-ginen ƙasa a Afirka.

Sana'ar nan ba ƙaramin ilimi take bukata ba. Akan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu ɗaya bayan ɗaya, a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri daga tushe, yana sirancewa yana hawa. Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta tsallake fili mai faɗi ba tare da ta lanƙwashe ba. Ɗakin da zai ɗauki taron masu ibada kuwa dole ya yi faɗi. Dabarar magina ita ce bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta tana ɗan zarcewa, haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Kuskuren taki guda a nan yana iya rushe rufin a kan jama'a da damina ta farko.

Ga Kiristocin Wusasa, wannan gwaninta tana da gurbi a addininsu. Littafin Fitowa ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya ba hikimar aikin zinariya da dutse da itace domin ya ƙera alfarwa ta sujada a zamanin Annabi Musa. Yusufu mijin Maryamu masassaƙi ne, Manzo Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ci abinci. Ashe wanda ya daidaita azara bai gaza mai wa'azi daraja ba. Akwai kuma wani abu da ya fi damun ƙaramar jama'ar: ana yi musu kallon waɗanda suka bar al'adarsu suka bi Bature. Ɗakin da suka shiga yin addu'a da Hausa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya nuna akasin haka.

Sai dai ginin ƙasa ba a gama shi a rana ɗaya a huta. Yana son yaɓe da makuba, da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka, kuma tun da siminti ya shigo, masu iya ɗaurin bakan gizo sai raguwa suke yi. Masallacin Babban Gwani kansa, cikin shekarun 1970, sai da aka kewaye abin da ya rage daga cikinsa da sabon gini na siminti.