Tsakanin Filin Jirgin Zariya Da Na Katsina

Daga filin jirgin Zariya zuwa na Katsina kusan kilomita 210 ne ta sama, ta kan Malumfashi. Ƙaramin jirgi awa guda da 'yan mintuna sun ishe shi. Amma fa na Zariya na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne da aka kafa a 1964, ba na fasinja ba.

Mu a Dandume Zariya ta fi mana kusa, sai dai a 1987 aka yanke mu daga Kaduna muka koma Jihar Katsina. Maniyyacinmu sai ya bi Funtuwa, ya wuce Malumfashi a mota har Katsina, kafin ya ga matakalar jirgin Makka. Ni dai, tun ɓullar 'yan bindiga, tafiyar ƙasan nan ta fi ta sama tayar mini da hankali.