Zaren kabon da kazar da ta kunyata Rolls-Royce 🧵

1/ Jama'a, yau tarihin wani zare za mu taɓa. Ya fi gashin kai siranta, kaurinsa maikiron 5 zuwa 7 ne kacal, amma da shi ake ƙera jikin jirgin sama. Sunansa zaren kabon. Sirrinsa kuwa a fatarsa yake. Ku biyo ni.

2/ A 1958 Roger Bacon na kamfanin Union Carbide a Amurka ya samar da siraran zaren kabon masu ƙarfin gaske. Can Japan kuma, Akio Shindo a Osaka ya gano yadda ake gasa zaren roba mai suna PAN har ya zama kabon. A 1963 masana a Farnborough ta Ingila, su William Watt, suka inganta hanyar.

3/ To amma zare shi kaɗai ba ya gini. Sai an nitsa shi cikin danƙon ifoksi, ya daskare. Kun san yadda magina ke cuɗa laka da ciyawa? Ciyawar ke hana tsagewa, lakar ke riƙe ciyawar. In ba su kama juna ba, aikin banza.

4/ Nan fa aka samu cikas. Zaren da ya fito daga wuta, sama da digiri 1,000, fatarsa sumul take, ba ta son haɗa jiki da komai. Danƙo ba ya kama shi. Ja shi ta tsawo, ba ya tsinkewa. Murɗa shi ko ka buge shi, sai falle-fallen su rabu.

5/ Rolls-Royce ta yi kasada. Ta yi wa Lockheed alƙawarin injin RB211 na jirgin TriStar, da farfelar gaba ta zaren kabon mai suna Hyfil. A watan Mayun 1970 aka harba kaza cikin injin, gwajin karo da tsuntsu. Farfela ta yi kaca-kaca.

6/ Aka koma ƙarfen titaniyom. Kuɗin aikin dama ya riga ya zarce lissafi. A Fabrairun 1971 kamfanin ya durƙushe, gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. Ba kazar kaɗai ta jawo ba, amma ta nuna cewa ƙarfin zare daban, juriyar abin da aka ƙera da shi daban.

7/ Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da suka ceci sana'ar shi ne taɓa fatar zaren da sinadari. An gwada ruwan asid, an gwada iska mai zafi. Hanyar da masana'antu suka fi runguma ita ce a ratsa zaren ta cikin ruwan gishirin amoniya ana sakar masa lantarki.

8/ Me ke faruwa? Ɓawon sama mai rauni ya kankare, oksijin ya manne a fatar, danƙo ya samu abin kamawa. Daga nan sai a shafa masa siririn rufi, don kada ya kakkarye wajen saƙa.

9/ Abin mamakin: in aka wuce gona da iri, riƙon ya yi tsanani, kayan sai su zama kamar tangaran. Tsaga ɗaya ta ratsa kai tsaye. In riƙon ya yi sako-sako kuma, zare ya zame. Tsaka-tsaki ake nema.

10/ A 1995 injin GE90 ya fara aiki a Boeing 777 da farfelar zaren kabon, bakinta an lulluɓe da titaniyom. Abin da ya gagari Rolls-Royce shekara 25 baya ke nan. Boeing 787 kuwa, da ya fara jigila a 2011, kusan rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗin ne, zaren kuma na Toray ta Japan.

11/ In ka hau 787, ka tuna fukafukan nan suna tsaye ne kan riƙon da ido ba ya gani. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Ƙarshen zare.