Barci Ko Ganganci? Sake Duba Rikicin Yulin 1914

Tun da masanin tarihi Christopher Clark ya fitar da littafinsa a 2012, ra'ayin cewa shugabannin Turai sun afka Yaƙin Duniya na Ɗaya kamar masu tafiya cikin barci ya samu karɓuwa fiye da yadda ya cancanta. A wurinsa kowa na da kashi a gindi, don haka neman mai laifi ɓata lokaci ne. Ban gamsu ba.

Kisan Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, da rabuwar nahiyar gida biyu, sanannu ne ga abokan nazari. Haka ma ƙurar da masanin tarihi Fritz Fischer ya tayar a 1961, da ya ɗora wa Jamus alhakin yaƙin.

Hujjar Clark mafi nauyi ita ce Rasha: ita ta fara ba da umarnin tara dakarunta baki ɗaya ranar 30 ga Yuli, mako guda bayan shugaban Faransa Poincaré ya bar ƙasar yana ƙarfafa mata gwiwa. Ya kuma nuna hannun jami'an leƙen asirin Sabiya a kisan. Duk wannan ba a musunsa. Sai dai a bi kwanakin a jere. Ranar 5 ga Yuli sarkin Jamus, Wilhelm, ya ba Ostiriya tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba. Ranar 23 Biyana, fadar gwamnatin Ostiriya, ta miƙa wa Sabiya wa'adin sa'o'i 48, da sharuɗɗan da aka tsara domin a ƙi su. Sabiya ta amince da akasarinsu, har Wilhelm kansa, da ya karanta amsar, ya ga dalilin yaƙi ya kau. Ministan harkokin wajen Birtaniya, Edward Grey, ya nemi a zauna a Landan. Barlin ta ce a'a. Ranar 28 Ostiriya ta shelanta yaƙi, washegari aka fara luguden wuta a kan Belgired, babban birnin Sabiya. Ashe tashin Rasha martani ne. Mai barci kuwa, a iya saninmu, ba ya watsi da tayin sulhu.

A nan dole in ja linzami. Fischer ya dogara da takardar manufofin yaƙi da aka tsara wa shugaban gwamnatin Jamus, Bethmann Hollweg, a Satumbar 1914, amma an rubuta ta ne bayan wuta ta kama, ba za ta zama shaidar niyyar da ta gabace ta ba. Ba na cewa Jamus ta shirya mamaye nahiyar tun fil azal. Abin da takardu suka ba ni damar faɗa ya fi haka ƙanƙanta: Biyana ta nemi yaƙi da Sabiya da gangan, Barlin kuma ta san abin na iya bazuwa, ta rungumi kasadar ido biyu.

Akwai wani bambanci da, a ganina, Clark bai ba shi haƙƙinsa ba. Rasha na iya tara sojoji su tsaya a cikin iyakarta ana ci gaba da magana. Shirin Jamus bai bar wannan ƙofa ba, domin tara dakaru da kai farmaki a haɗe suke. Ranar 4 ga Agusta sojojinta suka ƙetara cikin Beljiyam, ƙasar da ba ruwanta da abin da ya faru a Sarayebo.