Awo da Rana, Naƙuda da Dare: Sake Duba Hujjar Al'ada a Haihuwar Gida

Tun bayan binciken Kelsey Harrison a Zariya (1985) da tsarin jinkiri uku na Thaddeus da Maine (1994), babu sauran gardama cewa zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda kan kashe mace idan ba ta isa hannun ƙwararru da wuri ba. Inda ake ja-in-ja shi ne dalilin da ke sa macen Arewa ta durƙusa a ɗakinta. Amsar da ta fi yawo a tarukan ƙara wa juna sani ita ce al'ada, wato kunya, kulle da jiran izinin maigida, kuma galibi akan jingina ta ga maƙalar L. Lewis Wall ta 1998. A ganina an ɗora wa wannan amsa kayan da suka fi ƙarfinta.

Hujjar Wall ba abar rainawa ba ce. Ya zauna a karkarar Hausa, kuma abin da ake kafa hujja da shi sananne ne: mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, ana yabon wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, ungozoma kuwa sau da yawa ba a kiranta sai jariri ya faɗo, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya. Shi kansa ya lissafa ƙarancin asibitocin da ke iya karɓar haihuwar gaggawa. Masu ambatonsa ne ke tsallake wannan sashe, wataƙila don ya fi sauƙi a shirya gangamin wayar da kai da a biya albashin ma'aikaciyar dare.

Binciken lafiya da ƙidaya na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa a ƙasar a asibiti aka yi su, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 kacal. Amma a wannan shiyya sama da rabin masu ciki sun je awo wurin ma'aikatan lafiya. Ke nan akwai mata masu ɗimbin yawa da maigida ya bari suka fita, suka bi layi, suka karɓi kati, sannan suka haihu a gida. Kullen da bai hana su fita ranar awo ba, da wuya a ce shi kaɗai ya tsare su daren naƙuda.

Mai goyon bayan Wall zai ce awo daban, haihuwa daban. A awo ana taɓa ciki ne kawai, a haihuwa kuwa tsiraici ne gaban baƙi, wani lokaci gaban namiji, a kwance rigingine maimakon durƙuson da aka gada. Zai ƙara da cewa idan aka tambayi matan, da yawansu kan ce ba su ga buƙatar zuwa ba. Wannan suka mai nauyi ce. Sai dai a duba ma'aunin da mace ke amfani da shi kafin ta ce babu buƙata. Awo da rana ake yi, an san ranarsa, an tanadi kuɗin babur. Naƙuda ba ta sallama. Ƙaramin asibitin ƙauye sau da yawa a rufe yake da dare, ko babu wuta, ko a miƙo takardar sayen safar hannu, reza da sabulu, har a jihohin da suka shelanta haihuwa kyauta. Ga tsawa da gorin da mata ke ba juna labari a gidan suna, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a kanta a 2014. Macen da ta haifi huɗu lafiya a ɗaki, ta auna wannan duka ta ce ba dole, lissafi ta yi, ko da lissafin na iya cin ranta.

A nan ya zama dole in taƙaita da'awata. Ba ta shafi macen da ba ta taɓa zuwa awo ba, balle wadda ke haihuwa ita kaɗai. Fapohunda da Orobaton (2013) sun gano cewa kusan haihuwa 1 cikin 5 a Najeriya ba kowa a wurin, kuma mafi yawansu a Arewa ne. Nisan asibiti ba zai bayyana dalilin da ya hana a kira ko da maƙwabciya ba. A wannan gaɓa kunya na da ƙarfin da Wall ya ba ta. Abin da hujja ta ba ni damar cewa shi ne, matan da ke haihuwa a gida ba rukuni ɗaya ba ne, kuma haɗa mai katin awo da mai haihuwar kaɗaici a jadawali guda yana ɓoye dalilai biyu mabambanta. Shirin tura ungozomomin asibiti karkara na 2009 rukunin farko ya fi dacewa da shi, don haka da nasu alƙaluman ya kamata a auna shi, ana kuma tambayar ko ungozomar da aka tura tana kwana a garin.