Tarihin Tiyatar Guringuntsin Ƙashin Baya

Tsakanin kusan kowace gaɓa biyu ta ƙashin baya akwai guringuntsi mai siffar faifai. Idan ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya, sai zogi ya taso daga ƙugu ya bi ƙafa har diddige. A Hayin Banki da sauran unguwannin Kaduna, mai irin wannan ciwo kan fara da ƙahon wanzami, kafin tafiya ta kai shi ga hoton MRI.

Littattafai sun saɓa kan wanda ya fara wannan tiyata. Wasu na kafa hujja da Oppenheim da Krause na Jamus a 1909, sai dai su ƙari suka zaci sun cire. Walter Dandy ya gane asalin abin a 1929, amma majinyata biyu kacal ya kawo. Shekarar da ta fi cancantar a riƙe ita ce 1934, lokacin da William Mixter da Joseph Barr na Boston suka wallafa bayanin mutum 19, suka ɗaure ciwon ƙafar da tsagewar guringuntsin. A zamaninsu yanka mai faɗi ake yi, a fasa ƙashi, kafin a kai ga jijiyar.

Sai zamanin gwanda. A 1964 Lyman Smith na jihar Illinois ya ba da rahoton yi wa majinyata allurar chymopapain, sinadarin da ake tatsa daga ƙaron gwanda, don ya narkar da cikin guringuntsin ba tare da wuƙa ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1982, likitoci suka yi rububinsa. Ba a jima ba aka ga jikin wasu na ƙin maganin nan take har rai ya salwanta, wasu kuma ƙafafunsu suka shanye. A 2003 aka daina sayar da shi a can.

Abin da ya zauna shi ne aikin da Yaşargil da Caspar suka bayyana, kowa daban, a 1977: ɗan ƙaramin yanka da madubi mai ƙara girman abu. Tiyata ta bututu da kyamara ta biyo baya, tabonta ya fi ƙanƙanta. Haɗe gaɓoɓi da ƙarfe kuwa na bayan da ke rawa ne, tsagewa kaɗai ba ta kai a yi shi ba.

Game da yin tiyata da wuri ko jira kuwa, wani gwaji na Leiden na 2007, kan mutum 283, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun riga samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo masu jira sun kamo su, ko da yake kusan kashi 39 cikin ɗari na masu jiran sai da aka yi musu aikin. Wanda fitsari ya ƙwace masa, ko ƙafarsa ke mutuwa, ba ya cikin masu jira.

A Najeriya, asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, Latunde Odeku kuma ya fara tiyatar jijiya da ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962.