Sanƙarau: Matsayin Potiskum a yunƙurin duniya na kawar da annobar nan da 2030

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Nau'in da ƙwayar bakteriya ke haddasawa shi ne mafi haɗari, domin yana iya kashe mutum cikin sa'o'i 24. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da wannan nau'in yakan mutu, ɗaya cikin biyar kuma yakan tsira da nakasa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa.

A watan Nuwamba na 2020 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin yaƙi da cutar nan da 2030. Manufarsa ita ce kawo ƙarshen annobar, da rage masu kamuwa da nau'o'in da ke da rigakafi da kashi 50 cikin ɗari, da rage mace-mace da kashi 70. An kuma ware 5 ga Oktoba a matsayin ranar sanƙarau ta duniya.

Potiskum da ke Jihar Yobe na cikin yankin da ya fi fama da cutar, wanda ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar takan yi ƙamari daga Disamba zuwa Yuni. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini. Tana yaɗuwa ne ta tari da atishawa, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun yi ciwo ba. Shi ya sa cunkoso yake rura ta: ɗakin kwanan ɗalibai, makarantar allo, ko gidan haya mai ƙarancin taga a tsakiyar gari, irin su unguwar Dogo Tebo. Ga shi kuma Potiskum mahaɗar matafiya ce, da babbar kasuwar shanu da manyan motoci masu shiga da fita kullum.

A watan Fabrairu na 2024 cutar ta ɓarke a makarantun kwana na Potiskum da kewaye, inda ɗalibai kimanin 20 suka rasu. Alƙaluman WHO sun nuna cewa daga 1 ga Oktoba, 2023 zuwa 11 ga Maris, 2024, an samu mutum 1,742 da ake zargin sun kamu, 153 kuma suka mutu, a jihohin Adamawa, Bauchi, Gombe, Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara.

Tambayar da iyaye da yawa ke yi ita ce: ba an yi wa yara allurar sanƙarau tuntuni ba? An yi, amma ƙwayar iri-iri ce. Nau'in A ne ya haddasa annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso a 2010, Najeriya kuma ta bi sahu a 2011, ta kusa shafe wannan nau'in baki ɗaya. Sai dai ba ta kare mutum daga sauran. Nau'in C ne ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017, inda fiye da mutum 1,100 suka mutu a faɗin ƙasar, shi ne kuma ya sake bayyana a 2024.

Wannan giɓi ne sabuwar allurar Men5CV ta zo cikewa, domin tana ba da kariya daga nau'o'i biyar a lokaci guda: A, C, W, X da Y. Ƙungiyar PATH da kamfanin Serum Institute na Indiya ne suka samar da ita, WHO ta tantance ta a Yulin 2023. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita, a gangamin 25 zuwa 28 ga Maris, 2024, da tallafin ƙawancen rigakafi na Gavi, inda aka nufi mutum fiye da miliyan ɗaya 'yan shekara 1 zuwa 29.

Wayar da kai ya fi samar da allura wuya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Tun daga nan hukumomin lafiya suka koma neman bakin sarakuna da limamai da masu unguwanni kafin kowane gangami, hanyar da ta fi sanarwar rediyo ita kaɗai tasiri.

Babbar matsalar a gida ita ce kamannin cutar da zazzaɓin cizon sauro a farkonta, har a ɓata kwana ana sayen magani a kemis. Alamomin da ya kamata su tayar da hankali su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. A jariri, maɗiga takan kumbura, ya ƙi mama, ya yi ta kuka. Maganin cutar allurar kashe ƙwayoyin cuta ce, galibi ceftriaxone, wadda ake yi a asibiti, kuma ƙa'ida ita ce a fara ta da zarar an yi zargi, ko da sakamakon gwajin ruwan gadon baya bai fito ba.