Tarihin Awon Ƙarfin Tsoka a Aikin Gashi

Awon ƙarfin tsoka hanya ce da likitan gashi, wanda ake kira fisiyo a asibiti, ke bi don sanin iya ƙarfin da ya saura a gaɓar majinyaci, domin ya tsara masa motsa jiki kuma ya bibiyi samun sauƙinsa.

Cutar shan inna ce ta haifar da tsarin da ake bi a yau. A birnin Boston na Amurka, likitan ƙashi Robert Lovett da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright sun fito da dabarar jarraba tsokar yaran da cutar ta shanye, kuma Wright ta wallafa bayaninta a 1912. Ginshiƙin dabarar tambaya ɗaya ce: shin tsoka na iya ɗaga gaɓa da nauyinta, ko sai an tallafe ta?

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka ji rauni a jijiya sun yi yawa, sai Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta fitar da ma'auni mai matakai daga 0 zuwa 5. Sifili na nufin babu motsi sam. A mataki na 1 tsoka na ɗan harbawa kawai. A 2 gaɓa na motsi idan an ɗauke mata nauyi. A 3 tana ɗaguwa da kanta. A 4 tana ture hannun likita amma da rauni. 5 kuwa cikakken ƙarfi ne. Littafin Daniels, Williams da Worthingham na 1946 da na Henry da Florence Kendall na 1949 sun daidaita yadda ake zaunar da majinyaci don gwada kowace tsoka.

Wannan awo da ake yi da hannu yana da iyaka, domin ya danganta da ƙarfin mai gwajin, kuma mataki na 4 ya yi faɗi da yawa. Shi ya sa aka fito da na'urori, irin su Jamar ta 1954 mai auna damƙar hannu, da Cybex da ta fito a ƙarshen shekarun 1960.

A Najeriya, aikin gashi na zamani ya fara a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a wannan fanni a 1966. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero ta Kano ne suka zama cibiyoyin horo. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu sun zama manyan wuraren da ake tura masu shanyewar ɓarin jiki, masu karaya da yaran da gaɓarsu ta saki.

Masu yaƙi da kuturta kuma na da gajeren gwaji nasu: a ce wa majinyaci ya rufe ido, ya buɗe ƙaramin yatsa, ya ɗaga babban yatsa da tafin ƙafa, a gano jijiyar da ta fara lalacewa tun da wuri.

An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma ma'aunin 0 zuwa 5 ne har yau aka fi amfani da shi a ɗakunan gashi, domin ba ya buƙatar lantarki ko na'ura.